Daminar da Maraɗi ta ɗauke mana Tanko

Bana azumi ya sake faɗowa cikin damina, ruwa kuma ya yi nawa. Shekaranjiya da la'asar ina kishingiɗe a ƙofar ɗakina nan Sabon Gari, na jiƙa mayafi na lulluɓa saboda zafi, sai ga wani mutum bisa babur ya yi sallama. Wai daga wata babbar makaranta yake, ya ga jikana yana buga ƙwallo, suna so yaron ya bar tasa ya komo wurinsu. Za su ba shi littattafai, da takalman wasa, har da keke. Uban yaron sai washe baki yake. Ni ko ina kallon hadarin da ya ɗan taso gabas, iska ta kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri da aka samu ruwa, hankalina kuma ya riga ya koma ƙauyenmu Jiratawa, zamanin Nasara, shekarar da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya tsaya ƙofar gidanmu da irin wannan magana.

Sunana Cima. A lokacin ni budurwa ce, gidanmu kuma na Azna ne, ba mu salla ba mu azumi. Sai bayan na yi aure cikin birni na musulunta. Mu uku mata Inna ta haifa, sannan ta samu namiji, aka sa masa Tanko. Yayyena biyu sun yi aure nesa. Babanmu kuwa sanƙarau ya ɗauke shi da bazarar shekarar, muka rage daga ni sai Inna cikin gida.

Tanko ba ya wurinmu. Tun yana ƙarami aka kai shi Tibiri, garin Gobirawa, wurin Kawu Arzika, wan Inna, yana masa kiwon awaki. Da dogarai suka zo ɗibar yara don lakwal, kowane gida a ba da ɗaya, Kawu ya ɓoye nasa ɗan cikin rumbu ya miƙa musu Tanko. Inna ta yi kuka kamar an yi mutuwa. A zamanin ba wanda ke murna da lakwal, gani ake wanda Nasara ya riƙe ya tafi ke nan.

Daminar da ta wuce ba ta yi mana kyau ba. Ruwa ya ɗauke gero na cikin fitar da kai, tsuntsaye kuma suka gama da dawar fadama. Kafin bazara ta yi nisa rumbunmu ya zama wurin kwanan kaji. Da safe in fita jeji in tsinko yaɗiya, Inna ta zauna kan aikin hanza, 'ya'yan wani itacen jeji. Wanda bai san hanza ba bai san ɗaci ba. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana zubar da ruwa ana sake wani, kafin ta yarda a dafa, kuma ko an dafa tana barin wani abu a maƙogwaro wanda ruwa ba ya wankewa. Ranar da muka samu dusa, ranar kunu ce, mu sha muna lashe ludayi. Irin shuka yana cikin wata tukunya da Inna ta liƙe bakinta da yumɓu, ta ajiye ƙarƙashin gadonta. Ko kallon wurin ba na yi, don kada zuciyata ta raya mini wani abu.

Wata rana da rana tsaka, zafi har ƙasa na ƙona tafin ƙafa, sai ga Kawu Arzika ya faɗo gida, Tanko na biye da shi. Ko ruwa bai gama sha ba muka ji ƙararrawar keke a waje. Wani dogon mutum ne baƙi, da gajeren wando da hular kwano, gumi ya jiƙa masa riga. Shi ne Mushe Kwajo, mutumin Dahome, malami a babbar lakwal ta Maraɗi, inda ake ce wa kowane malami Mushe. Hausarsa a karkace take, mace ya ce mata "kai", amma ana gane shi.

Ashe da rani an yi wasannin 'yan lakwal a Tibiri, Tanko ya tsere wa yaran Maraɗi duka, har ya juyo yana duba ko sun ɓata hanya. Ni ban yi mamaki ba, yaron da ke kama zomo da ƙafa. To tsakiyar damina akwai sallar Nasara, wadda ake tara makarantun ƙasar a gaban kumandan, Nasara mai mulkin ƙasar, ana tsere, Mushe kuma ya gaji da shan kunya. Yana so a mayar da Tanko wurinsa. Zai ci abinci a lakwal, a ba shi kaki da wurin kwana, kuma zai iya zama jarrabawar da ƙaramar lakwal ta Tibiri ba ta kai wa.

Kawu ya ce, "Ƙarya ne, sata ce! Mu muka raini yaro, sai da ya yi ƙafa Katsinawan Maraɗi za su zo su ɗauke? Gobir zai yi wa gudu. Manyan gari sun ce in ya zauna za su aiko muku da damman gero, kuma da ruwa ya sauka a sako shi ya zo ya yi muku noma."

Da na ji an ambaci gero sai na dubi rumbunmu. Inna ta dubi Mushe ta ce, "Kai fa, yaushe za ka sako shi?"

Ya ce, "Sai bayan tsere, Mama."

Muka dubi juna. Bayan tsere noman fari ya wuce. Gonarmu ta jigawa babba ce, mata biyu masu jin yunwa ba su iya fin ciyawa sauri. In ciyawa ta ci gero, baɗi ma hanza ce.

Na ja Tanko bayan rumbu na ce, "Kai mi kake so?"

Ya daɗe yana tona ƙasa da babban yatsan ƙafa. Ya ce, "Yaya, abin da malaminmu ya sani ya ƙare, bara da bana abu guda muke maimaitawa. Kuma Tibiri ba wanda ke kamo ni. Ina so in yi gudu da waɗanda za su sa in ji tsoro." Sai ya ɗago ya ce, "Amma in gona za ta mutu, na zauna."

Har yau ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Budurwa ba ta sa baki cikin maganar maza. Na dawo na durƙusa nesa kaɗan na ce, "Mushe, za ka ɗauke mana hannu biyu. Mi za ka mayar mana?"

Kawu ya daka mini tsawa. Mushe ya ɗaga masa hannu, ya cire hularsa yana fifita da ita. Can ya ce ran Alhamis ba a karatu, kuma yaransa na bukatar doguwar hanya don su saba. Duk Alhamis zai kawo 'yan tserensa da gudu daga Maraɗi, su yi mana noma, su koma.

Inna ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar Baba. Ta ce, "'Ya'yan fatake? Waɗanda hauya ba ta san hannunsu ba?" Amma ta dubi Tanko, ta ga yadda yake kallon keken nan, ta ce, "Tafi."

Kawu ya kakkaɓe rigarsa ya fita ko sallama babu. Geron Tibiri kuwa ko zangarniya ba mu gani ba.

Ruwan shuka ya sauka da wata asuba. Inna ta fasa bakin tukunya, muka fita ƙasa na tururi. Ita ke sara da sungumi, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Yunwa kan sa mutum ya ga ƙwayar gero ta yi girman wake. Sau da yawa hannuna ya nufi baki in mayar da shi rami. Gero ya tsiro kore shar, ciyawa ta tsiro tare da shi, ta ma fi shi murna. Ana cikin haka aka ga watan azumi.

Alhamis ta farko na hau tudun bayan gida tun da sassafe, raina na gaya mini ba za su zo ba. Rana ta ɗan ɗaga sai na hango su tafe a jere, tsirara daga ƙugu zuwa sama, Tanko a gaba, Mushe a baya bisa keke da hauyoyi ɗaure kamar itacen wuta. Duk ƙauye aka fito kallo. Yaran manya ne, wasu har gemu ya fara tsiro musu, kuma yawancinsu da azumi a baki. Sun yi sahur suka kamo hanya da sanyin safiya.

Noman ranar abin dariya ne. Wani ya sare gero ya bar ciyawa, Inna ta bi shi da faɗa tana nuna masa bambanci. Akwai wani Laminu, ɗan wani babban mai fataucin goro, wanda kafin zuwan Tanko shi ne gwanin gudun lakwal ɗinsu. Shi ko kallonmu ba ya yi. Ya riƙe hauya da 'yan yatsu kamar zai kama kunama. Da hannunsa ya yi bororo ya fashe, Tanko ya je zai karɓi kunyar da yake nomewa, Laminu ya ce, "Bar mini abina. Ka karɓe na fili, wanga ma sai ka karɓe?" Ya yage gefen wandonsa ya naɗe hannun, ya ci gaba. Tun daga ranar na fara ganin girmansa.

In rana ta take sai su zube ƙarƙashin gawo da kalgo, leɓɓansu sun bushe sun yi fari. Mushe Kirista ne, ba ya azumi, amma ban taɓa ganin ya kai ruwa baki gabansu ba. Mu ma ba mu azumi, sai dai ba abin da za mu ci, don haka duk gonar bakinmu ɗaya. Tanko kan zo da ɗan ƙunshin tuwon da ya rage daga rabonsa, ya tura mana cikin ɗaki a ɓoye. Inna ta ce ya daina, mai gudu ba ya raba cikinsa biyu. Bai daina ba.

Yanzu in na je Jiratawa na ga ruwa na bin magudanan siminti, ana noma rani da damina, sai in tuna yadda muke tsayawa muna leƙen gabas har wuya ya ƙage. Don bayan noman nan na farko ruwa ya ɗauke. Sama ta yi fari fat. Gero ya nannaɗe ganye kamar an murza shi, da rana in ka taɓa sai ka ji ɗumi. Hadari ya haɗu da yamma, ya yi baƙi, ya yi rugugi, iska ta watsa shi. Masallata suka fita roƙon ruwa, tsofaffinmu suka je gindin tsamiya da baƙar akuya. Kowa ya yi nasa, sama ba ta amsa ba.

Cikin wannan fari ne, Alhamis ta ƙarshe kafin tsere, suka zo gama mana gefen da ya rage. Zafin ranar ko tsuntsu ba ya tashi. Wajen azahar na ga Laminu ya tsaya, ya dafa ƙotar hauya, sai ya sulale ya faɗi kan fuskarsa. Muka ɗauke shi zuwa inuwa. Inna ta cire kallabinta ta tsoma cikin tulu tana shafa masa a ƙirji da wuya. Da ya farfaɗo ta kai masa ƙwarya baki, ya kau da kai.

Ta ce, "Sha, ɗan nan, kada ka mutu mini cikin gona."

Ya ce, "Inna, saura kaɗan rana ta faɗi."

Ba kaɗan ba ne, amma ya ƙi. Mushe ya ce ba mai komawa Maraɗi cikin wannan rana, sai an sha ruwa. Nan hankalin Inna ya tashi. Baƙi za su buɗe baki a gidanta, ba ta da abin ba su sai hanza da tafasa. Ta shiga ɗaki ta fito, ta sake shiga. Sai na ga ta nufi bayan rumbu ta kamo jan zakaranmu.

Zakaran nan ba na ci ba ne. Baba ya ware shi tun yana ɗan tsako don Uwar Gona, iskar da gidanmu ke yi wa yanka in amfani ya nuna. Duk yunwar da muka sha ba wanda ya taɓa tunanin taɓa shi. Na matsa kusa na ce a hankali, "Inna, na Uwar Gona ne fa."

Ta ce, "Ta ga waɗanda suka nome mata gona. In tana da magana ta same ni."

Ta san Musulmi ba su cin yankanmu, sai ta miƙa wa Laminu zakaran da wuƙa ta ce, "Tashi ka yanka irin naku." Ya tashi yana layi, ya fuskanci gabas ya yanka. Na daka 'yar dusar da ta rage, muka yi romo mai yawan ruwa da barkono. Da rana ta faɗi suka yi salla bisa rairayin ƙofar gida, suka zauna suka kewaye akushi. Kowa bai samu fiye da abin da zai ɗanɗana ba, amma har ƙashi suka tauna. Laminu ya ɗauki ƙafar zakaran da ta faɗo rabonsa ya ajiye gaban Tanko, ya ce, "Ci, kai ke da aiki da ƙafa."

Asubar ranar tsere aka tashi da ruwa. Ruwa na gaske, mai ƙarar da ba ka jin maganar na kusa da kai. Muka tsaya ƙofar ɗaki ni da Inna yana feso mana a fuska. Da ya tsagaita na ɗaura zanena mai kyau guda ɗaya na ce ta taso mu tafi. Ta ce ita ba ta shiga taron Nasara, kuma ƙasa ta jiƙe, dashe za ta yi inda fari ya kashe. Na kama hanya ni kaɗai, laka har ƙauri.

Lokacin birnin Maraɗi bai daɗe da hawowa tudu ba, bayan ruwan Gulbi ya cinye tsohon gari. Tituna miƙe, gidaje sababbi, itatuwa ƙanana. An kafa rumfa gaban ofishin kumandan, Nasara na zaune da matansu. Mutanen Tibiri sun zo da makaɗansu sun tsaya gefe guda, na hango Kawu cikinsu. Ya gan ni ya juya ƙeya.

Babban tseren shi ne na ƙarshe. Za su gangara har bakin kufan tsohon gari, su kewayo, su hawo tudu. Akwai wani dogon yaro daga Tasawa da kowa ke tsoro, ƙafafunsa kamar na zalɓe. Da aka busa usur sai Laminu ya fita kamar an harba kibiya. Ɗan Tasawa ya ga haka ya bi shi. Tanko kuwa yana can tsakiyar tarin yara, har na ji haushi, na ce yunwar da ya raba da mu ce ta ci shi. Suka gangara suka ɓace.

Jiran nan ya fi na ruwa tsawo. Na tuna ban sa komai a baki ba tun jiya. Can aka fara ihu daga bakin gangare. Mutum biyu suka ɓullo kafaɗa da kafaɗa, laka ta rufe su har ba a gane rigar kowa. Laminu ba ya ciki. Daga baya na ji da gangan ya ja ɗan Tasawa da gudun da ba ya ɗorewa, har ya gajiyar da shi, shi kuma ya zube bakin kufai. Cikin biyun nan, na ɗaya dogon nan ne ɗan Tasawa. Na biyun kuwa na gane shi daga yadda yake sunkuyar da kai, kamar mai bin sawun zomo.

Ba wanda ya ba makaɗan Tibiri umarni. Kawai na ji ganga ta tashi, kiɗan Gobirawa, ga yaro sanye da rigar Maraɗi. Sai muryar Kawu ta keto taron: "Ɗan ƙanwata ne! Ni na raine shi! Tanko, taho!" Ni kuma na rangaɗa guɗa irin wadda ban taɓa yi ba, ban kuma sake yin irinta ba ko a bikin 'ya'yana. Inda tudun ya fi tsauri ɗan Tasawa ya fara jefa ƙafa gefe. Tanko ya ɗago kai, ya wuce shi, ya faɗa kan igiyar ƙarshen tsere da ƙirji.

Mushe Kwajo ya jefa hularsa sama, ta faɗa cikin laka, bai ko duba ba. Katsinawa na cewa nasu ne, Gobirawa na cewa nasu ne, har aka kusa dambe. Kumandan ya miƙa wa Tanko bargo da kan sukari. Kawu ya ratso mutane ya ɗaga shi sama, sannan ya dube ni ya ce, "Ke mai bakin nan, ki gaida uwarki." Tanko bai tsaya ba sai da ya gangara da wasu yara suka tallafo Laminu.

Da yamma muka iso gida tare, an sallame su hutu. Inna na tsugune tana wanke laka a hannu. Na fara ba ta labari ina haki. Ta zaunar da Tanko, ta ɗora ƙafarsa bisa cinyarta, ta cire masa ƙaya biyu da tsinke. Ta fasa sukarin ta jefa ɗan gutsure cikin kunun dusa. Ta ce gobe akwai maimai, noma na biyu, kowa ya kwanta da wuri.

Geron shekarar ya yi. Muka gasa tumu muka ci har muƙamuƙi ya gaji, na kai wa Mushe dami a kaina har Maraɗi. Tanko ya ci jarrabawarsa, aka wuce da shi Yamai, ya zama malamin asibiti. Abin da Inna ta ji tsoro ya tabbata, bai sake riƙe hauya ba, sai dai bai bar mu muka sake cin hanza ba.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne washegarin tseren. Na je rijiya da sassafe, na tarar da mata sun ajiye tuluna sun kewaye Inna. Tana tsaye da guga a hannu tana ba su labari: yadda suka gangara, yadda laka ta kama ƙafar ɗan Tasawa, yadda kumandan ya miƙe tsaye ya cire hula. Har tana gwada musu yadda Tanko ke sunkuyar da kai.

Na ce, "Inna, kumandan fa bai miƙe ba, a zaune ya ba shi bargon."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Ke kallo kika je. Ni na haife shi." Ta juya wurin matan ta ci gaba daga inda kumandan ya miƙe.